Darasi: Abubuwa uku da ɗalibin sakandare zai koya don lafiyar gida

Sau da yawa mukan ga uwa ta karɓo magani, ta isa gida ba ta san yadda za ta ba yaro ba, domin da Faransanci aka rubuta takardar. Yaranmu na sakandare za su iya taimakawa, in mun koya musu abubuwa uku.

Na farko, karanta takardar magani. "3 fois par jour" na nufin sau 3 a rana. A cika kwanakin da likita ya rubuta, ko da an ji sauƙi.

Na biyu, gudawa. A zuba ƙunshi 1 na SRO cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. In babu, a sa sukari ƙaramin cokali 6 shafe da gishiri rabin cokalin. Abin da ya rage bayan awa 24, a zubar. Idan idon yaro ya faɗa, ko ya kasa sha, ko an ga jini a kashinsa, sai asibiti nan take.

Na uku, buɗe baki. Haƙƙin majinyaci ne ya yi tambaya har ya fahimta, a kuma rufa masa asiri. Taimakon sansani kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi ko lalata kafin ya taimaka, a sanar da ofishin kariya.

Amma iyaye, kada mu sa yaro fassara maganar ciki ko fyaɗe. Wannan aikin tafinta ne, ku neme mu.

Yau da dare, ɗalibi ya karanta wa mahaifiyarsa katin rigakafin ƙanensa, su duba ranar komawa.