Darasi na Sha Biyu: Kunkunniya da Girgije

Karanta wannan bayani, sannan ka amsa tambayoyin da suke biye.

Idan ka fita da sassafe a garin Gombe, ka bi ta Jekadafari ko Pantami, za ka ga hayaƙi yana tashi daga murhun masu ƙosai da koko. Manyan motoci da janareto su ma suna fitar da nasu. A cikin hayaƙin nan akwai ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe. Su ne suke taruwa a gindin tukunya da rufin madafa, ana kiran su kunkunniya. Waɗanda ba su maƙale ba, iska takan yi sama da su, har inda girgije yake haɗuwa.

Girgije taron ɗige-ɗigen ruwa ne ƙanana ƙwarai. Sai wajen miliyan ɗaya daga cikinsu sun haɗu kafin a sami ɗigon ruwan sama guda. A shekarar 1880, wani masani ɗan ƙasar Sikotilan mai suna John Aitken ya nuna cewa tururin da ke cikin iska yana bukatar ƙwayar da zai taru a kanta kafin ya zama ɗigo. Ƙura da gishirin teku da hayaƙi duk suna samar da irin waɗannan ƙwayoyi.

Sabuwar kunkunniya ba ta shan ruwa, kamar yadda gashin agwagwa ba ya jiƙewa. Saboda haka da wuya tururi ya taru a kanta. Amma Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Bayan awoyi ko 'yan kwanaki a sama, takan cuɗanya da wasu sinadarai masu kama da gishiri, su lulluɓe ta. Daga nan sai ta fara jan ruwa, ta zama cibiyar ɗigo. Don fahimtar irin wannan cuɗanya, a farkon shekarar 2006 masana sun yi ta tashi da jirgin sama daga Yamai a Jamhuriyar Nijar, suna auna ƙurar hunturu da hayaƙin ƙonar daji.

Me zai faru idan ƙwayoyin suka yi yawa? In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Tururin da ke nan zai rarrabu a kansu, kowane ɗigo ya fito ƙarami, ya kasa yin nauyin da zai faɗo. Hakan yana iya jinkirta ruwan sama. Bugu da ƙari, baƙin abu yana shan zafin rana, don haka kunkunniya takan ɗumama iskar da ke kewaye da ita, wani lokaci har girgijen ya watse.

Wannan magana ta shafi manomin gero da masara da wake a Jihar Gombe, wanda yake jiran damina daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba. Ta shafi huhun mai girki da na yaron da ke goye a bayanta. Sai dai kunkunniya ba ta daɗewa a sama, cikin mako guda ko fiye kaɗan ruwa ya wanko ta ko ta sauko. Idan aka rage ƙona daji da shara da tayoyi, aka yi girki da busasshen itace a murhu mai rage hayaƙi, iska za ta yi saurin gyaruwa.

Ma'anar Kalmomi

kunkunniya: baƙin da hayaƙi yake bari
tururi: ruwan da zafi ya mayar iska
cuɗanya: haɗuwa da gauraya
jinkirta: sa abu ya makara

Tambayoyi

1. Kawo abubuwa uku da suke fitar da kunkunniya a Gombe.
2. Me John Aitken ya nuna a 1880?
3. Yaya kunkunniya take zama cibiyar ɗigon ruwa?
4. Bayyana ma'anar karin magana biyu da suka zo a cikin bayanin.
5. Kawo tilon waɗannan kalmomi: ƙwayoyi, sinadarai, tayoyi, masana.

Aikin Gida

Rubuta jimloli biyar masu ɗauke da "yakan" ko "takan" a kan hayaƙin da kake gani a unguwarku.