Talbisi a Cikin Zancen Sauyin Yanayi

 

Akwai fi'ilai biyu a Larabci waɗanda suka fito daga asali ɗaya, watau lam da ba da sin. Labisa shi ne sanya tufa, labasa kuwa shi ne rikitar da al'amari har a kasa rarrabe shi. Daga wannan asali aka sami kalmar talbisi, kuma kusancin ma'anonin biyu ba a banza yake ba: mai talbisi yakan ɗauko rigar gaskiya ne ya sanya wa ƙarya. A aya ta 42 ta Suratul Baƙara an haɗa hani biyu, hani ga cuɗanya gaskiya da ƙarya, da hani ga ɓoye gaskiya alhali ana sane. Tsurar ƙarya ba ta daɗewa a kasuwa, wadda aka gauraya da gaskiya ita ce take shekaru.

Manomin Sule Tankarkar ba ya bukatar a gaya masa cewa damina ta sake hali. Dattawan ƙasar Gumel suna tuna farin 1973 da na 1984, lokacin da gero ya bushe a tsaye, dabbobi suka faɗi. Jikokinsu kuma sun ga ambaliyar 2022 da ta 2024 ta rushe gidaje ta cinye gonaki a Jihar Jigawa. Ba a jayayya a kan abin da ido ya gani, a kan dalilinsa ake yi, kuma nan ne talbisi yake shigowa.

Ga abin da ya tabbata wurin ma'abuta wannan ilmi. Iskar kabon da ke fita idan an ƙona fetur da kwal da gas tana taruwa a sararin sama tana riƙe zafi. Kafin zamanin masana'antu tana wajen kashi 280 cikin miliyan, yanzu ta haura 420. A 2021 kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana cewa babu sauran shakka aikin ɗan Adam ne ya ɗumama duniya. Abin da Afirka duka take fitarwa kuwa bai wuce kashi 4 cikin 100 ba.

Masu sayar da man sun riga jama'a sani. A 1977 wani masanin kamfanin Exxon na Amurka, James Black, ya gaya wa shugabanninsa cewa ƙona mai yana ɗumama duniya. Binciken da mujallar Science ta buga a 2023 ya nuna ƙididdigar da masanan kamfanin suka yi a cikin gida ta yi daidai da zafin da aka samu daga baya. Amma a 1989 aka kafa ƙungiyar Global Climate Coalition, ta kamfanonin mai da kwal da motoci, har da shi Exxon, ta yi shekaru fiye da goma tana gaya wa jama'a cewa masana ba su gama daidaitawa ba. A lura da dabarar. Ba sai sun ce zafi ba ya ƙaruwa ba, ya ishe su su ce akwai saura a bincike. Wannan kuwa gaskiya ce, domin babu ilmin da ba shi da saura, sai dai an faɗe ta ne don a jinkirta aiki. Kamfanonin taba sigari sun riga su bin wannan hanya, har wata takardar cikin gida ta ɗayansu a 1969 ta kira shakka hajar da suke sayarwa.

Wanda ya fi taɓa mutanen arewacin Jigawa shi ne ɗora laifi a kan mai rauni. Bayan farin 1973, wani masanin yanayi Ba'amurke, Jule Charney, ya kawo ra'ayi a 1975 cewa idan dabbobi suka cinye ciyawa aka sare itatuwa, ƙasa ta yi fari tas, sai hadari ya ragu. Shi bai yi ƙarya ba, zato ya yi irin na masu bincike. Amma sai zaton ya zama hukunci a bakin mutane da yawa, aka riƙa cewa makiyayi da mai neman itacen girki su suka kori ruwa. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa babban dalilin waɗancan shekarun fari shi ne sauyin zafin ruwan tekuna, wasu binciken kuma suka ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana da hannu a ciki. Saboda haka Bafulatanin da ya kora shanunsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba shi ya hana hadari haɗuwa ba. Wanda ya faɗi wancan zance kafin hujja ta zo yana da uzuri, wanda ya ci gaba da faɗinsa bayan ta iso masa ya shiga hani na biyu na ayar.

Amma fa kada wannan ma ya zama wata rigar. Sare gawo da aduwa yana cutar da gona ko da bai taɓa hadari ba: iska ta kwashe ƙasa, rairayi ya binne shuka. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, manoma suka fara barin kututture ya sake tohowa suna gyara shi maimakon tonewa, har aka ƙiyasta kadada miliyan 5 sun sake yin itatuwa a kudancin Nijar. Laifin manyan ƙasashe bai ɗauke wa mai gona haƙƙin gonarsa ba.

Akwai kuma masu ba'a, su ce jiya an ce fari, yau an ce ambaliya, wanne za a kama? Duka biyun. Iska mai zafi ta fi ɗaukar laima, idan ta sake shi sai ta sake da yawa. Binciken da aka buga a 2017 ya sami cewa manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982.

Mafi wuyar warwarewa shi ne wanda ake sanya wa rigar addini. Idan aka tada zancen, sai wani ya ce ruwa na Allah ne, a kama baki. Lalle ruwa na Allah ne, babu Musulmin da zai musa. Amma Sayyidina Ali, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ji Hawarijawa suna maimaita magana ta gaskiya, ya bayyana cewa ɓata ake nufi da ita. Wasu kan kafa hujja da hadisin Zaidu bin Halid na Hudaibiyya, wanda ya zargi mai jingina ruwa ga faɗuwar tauraro. Malamai sun bayyana cewa abin zargi shi ne ƙudurta cewa tauraron ne mai saukarwa. Sanin alamu bisa al'adar da Allah Ya gudanar bai shiga ciki ba, in ba haka ba da manomin da ya ga shamuwa ya fara gyaran gona ya yi laifi. Hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara daga wannan babi yake.

A shekara ta 18 bayan Hijira fari ya kama Hijaz, har aka kira ta Amur Ramada, watau shekarar toka. Sayyidina Umar ya fita roƙon ruwa, ya gabatar da Abbas, baffan Annabi, ya yi addu'a. Sa'an nan ya rubuta wa gwamnonin larduna su aiko da abinci, Abu Ubaida ya taho daga Sham da ayarin raƙuma. Ya sa aka ƙirga masu cin abinci a Madina da kewayenta, ya jinkirta karɓar zakka a wannan shekara, shi kansa kuma ya bar cin man shanu har sai da ruwa ya sauka jama'a suka farfaɗo.