Gasar Ƙwayoyin Jiki da Asalin Ciwon Dajin Hanta

Kowane manomi a ƙasar Shanono ya san in shuka ta yi cunkoso a rami ɗaya, mai ƙarfi ita ke danne raunana. Binciken likitoci ya nuna haka al'amarin ya ke a cikin jikin mutum. An gina jiki da ƙwayoyin halitta ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita, kuma kullum suna gasa a kan wurin zama da abinci.

A shekarar 1975 ne masana biyu a ƙasar Sifen, Ginés Morata da Pedro Ripoll, su ka gano wannan gasa a jikin ɗan ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Sun ga ƙwayoyin da ke jinkirin girma suna rayuwa lafiya lau in su kaɗai ne, amma da zarar sun yi maƙwabtaka da masu ƙarfi sai a kashe su a gaje wurinsu. Galibi wannan alheri ne, domin ta haka jiki ke kawar da ƙwayar da ta lalace tun ba ta yi ɓarna ba.

Amma akwai inda gasar ke juyewa. A 2004 an nuna cewa wani lahani a cikin rubutun gado na ƙwaya yakan ƙara mata ƙarfi maimakon ya raunana ta, har ta riƙa kashe maƙwabtanta lafiyayyu tana mamaye wurinsu, kamar yadda ƙuduji ke cinye gonar dawa. Zuriyarta ta yi ta yaɗuwa shekara da shekaru, mutum yana harkokinsa bai san kome ba. In wasu lahanin su ka ƙaru a kan na farko, sa'an nan ne ƙari ke fitowa, watau ciwon daji.

A hanta ne wannan magana ta fi shafar manoman gyaɗa. A 1960 talotalo fiye da 100,000 su ka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da a ka kai daga Birazil. Da a ka bi sawu, sai a ka tarar da dafin wata fumfuna, wanda a ka sa wa suna afalatokzin. Fumfunar tana kama gyaɗa da masara, musamman in fari ya taɓa su a gona ko an adana su da danshi. Dafuwa ba ta kashe dafin, suya ma haka, saboda haka yakan wuce har cikin ƙuliƙuli. A 1991 an gano cewa dafin yana lalata wani sashe na rubutun gado mai suna p53, wanda aikinsa shi ne tsai da ƙwayar da ta ɓaci. Ƙwayar da ta rasa wannan linzami ita ke cin gasa.

Abin ya fi muni ga wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Cutar tana kashe ƙwayoyin hanta a hankali, saura kuwa dole su yi ta hayayyafa su cike gurbi, to a wannan rububi masu lahanin nan ne ke yin gaba.

Aikin hakimi da malamansa a nan ba mai wuya ba ne. Tun 2004 allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ke cikin alluran jarirai a Nijeriya, kuma ta farko ta fi amfani in an yi ta cikin awa 24 da haihuwa, ba a jira ranar suna ba. Lalle dagatai da masu unguwanni su sanar da ungozoma wannan. Game da gyaɗa kuwa, a cire ta a kan kari, a shanya a kan tabarma ko leda har ta bushe sarai, a tsince wadda ta yi baƙi ko ta yamushe a ƙona. Ba daidai ba ne a ajiye ta don miyar gida, yadda wasu ke yi bayan sun kai mai kyau kasuwa. Buhuna kuma a ɗora su a kan katako.

Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fito da wani magani, Aflasafe, wanda shi ma da gasa ya ke aiki. Ƙwayar dawa ce da a ka rina shuɗiya, ɗauke da irin fumfunar da ba ta da dafi. A kan watsa ta a gona mako biyu zuwa uku kafin gyaɗa ta yi fure, don marar dafin ta riga mai dafin kama wuri.