Cutar Korona Da Mai Juna Biyu: Me Gwajin Jini Yake Faɗa Wa Likita?

Uwargida, a watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa kan korona, amma cutar ba ta ɓace ba. Takan fi tsananta ga mai ciki, musamman a watanni uku na ƙarshe, har ta jawo haihuwar bakwaini. Idan aka kwantar da ke, za ki ga ana yawan ɗibar jininki. Kada ki damu. Jinin kan nuna inda ciwon ya dosa tun kafin jiki ya nuna.

Ga abubuwan da ake dubawa:

1. CRP: Hanta ce ke fitar da shi idan akwai kumburi a cikin jiki. Idan yana hawa, ciwon na ƙaruwa. Idan yana sauka, ana samun sauƙi.

2. Limfosayit: Wasu fararen ƙwayoyin jini ne masu yaƙar cuta. Raguwarsu sosai alama ce ta cewa ciwon zai iya tsananta.

3. Di-daima: Yana nuna ko jini na daskarewa a jijiya. Ciki kansa yana ɗaga shi, don haka hawansa kaɗai ba abin firgita ba ne. Likita zai haɗa shi da sauran alamu. Idan da buƙata, za a yi miki allurar hefarin mai hana gudan jini, wadda ba ta ratsa mabiyiya ta kai ga jariri.

4. Gwajin hanta da ƙoda, da ƙirgen ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini: Waɗannan suna taimakawa a gano ko hawan jinin masu ciki, mai kawo jijjiga, ya haɗu da ciwon.

Awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Likita na kwatanta sakamakon yau da na jiya, tare da numfashinki da yawan iskar oksijin a jininki.

Maigida, kada ka hana a ɗibi jini. Abin da ake ɗiba 'yan cokula ne kawai, jiki zai mayar da shi.

A garzayo asibiti idan akwai zazzaɓi mai naci, ko sarƙewar numfashi, ko ciwon ƙirji, ko kumburin ƙafa ɗaya, ko raguwar motsin jariri. Kada a fasa zuwa awon ciki.

Allah ya sauke ki lafiya.