Yadda Kwamfutoci Masu Tsari Daban-daban Suka Fahimci Juna

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja mai tafiyar da ayyukanta, wadda ake kira tsarin gudanarwa. A farkon shekarun 1980 irin waɗannan tsare-tsare sun yawaita: ga DOS, ga Unix, ga CP/M, ga kuma na manyan injinan kamfanin IBM. Kowane da yadda yake ajiye bayanai, don haka rubutun da aka yi a wata na'ura yakan zama shirme idan an kai shi wata.

Dalili kuwa shi ne, kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin ASCII, wanda ƙananan kwamfutoci ke bi, babban harafin A shi ne lamba 65. A tsarin EBCDIC na manyan injinan IBM kuwa, 193 ne. Hatta ƙarshen layi sai da aka saɓa a kansa: Unix na sa alama ɗaya, DOS na sa biyu.

Wannan matsala ta addabi Jami'ar Kolombiya da ke birnin New York na Amurka. Ɗalibai suna aiki a manyan injinan jami'ar, amma wurin ajiya ya yi kaɗan, ga shi ana bukatar kowa ya iya kwashe aikinsa zuwa faifai ta ƙaramar kwamfuta. A shekarar 1981 ma'aikata biyu, Frank da Cruz da Bill Catchings, suka ƙirƙiro wata ƙa'idar aika fayil mai suna Kermit.

Ga yadda take aiki. Da farko sai a haɗa na'urorin biyu da waya, ko ta layin tarho. Mai aikawa ta yanyanka fayil zuwa ƙananan ƙunshi, ta sa wa kowane lambar jeri da wani ɗan lissafi na tantancewa. Mai karɓa ta sake yin lissafin. In ya yi daidai ta amsa, in ya saɓa ta nemi a sake turo wannan ƙunshin kaɗai. Idan rubutu ne, mai aikawa takan juya shi zuwa sigar da aka amince da ita, mai karɓa kuma ta mayar da shi irin nata.

Hikimar a nan ita ce, ba a tilasta wa kowace na'ura ta bar tsarinta ba. Kamar 'yan kasuwa ne masu harsuna daban-daban da suka yarda da harshe ɗaya na ciniki, kowa kuma ya koma gida ya yi nasa.

Jami'ar ta rufe shirin Kermit a 2011, amma darasinsa yana nan: a kan irin wannan yarjejeniya intanet ta ginu. Saboda haka ɗalibi ko malamin da ke son rubutunsa ya daɗe, ya ajiye kwafi a sigar da kowace na'ura ke karantawa, domin kwamfuta takan tsufa ta bar mai ita da faifan da babu mai buɗe shi.