Yatsan Injin Wanki

Duk uwar da za ta yi wa jariri wanka, ba ta tsoma shi cikin ruwa sai ta fara sa yatsa ta ji zafinsa. To, injin wanki mai ɗumama ruwa ma yana da nasa yatsa. Wata 'yar na'ura ce da masu gyara suke kira tamista, watau ma'aunin zafi. A yawancin injunan da ake buɗewa ta gaba, tana maƙale jikin hita a ƙasan gangar wanki. Ƙarama ce ƙwarai, amma in ta lalace sai a ɗauka injin ne dungum ya mutu.

Aikinta yana da sauƙin fahimta ga wanda ya shiga ajin kimiyya. An koya mana cewa kowane abu yana da turjiyar da yake yi wa lantarki, ana kuwa auna ta da om. Turjiyar ƙarfe tana ƙaruwa in ya yi zafi, ta wannan na'ura kuwa raguwa take yi. Tun a shekarar 1833 wani masani na Ingila, Michael Faraday, ya lura da irin wannan hali a jikin wani sinadari na azurfa. Ƙwaƙwalwar injin tana karanta turjiyar, in ta ga ruwa ya kai zafin da aka zaɓa, misali digiri 40 ko 60, sai ta kashe hita.

In ma'aunin ya fara ƙarya, alamu sukan bayyana. Ko ruwa ya ƙi ɗumi, ko ya yi zafi fiye da kima har tufafi su tsuke, su zuba. Wani lokaci injin ya yi ta aiki ba ya gamawa, ko ya tsaya yana nuna lambar kuskure. Amma a kula, hitar da ta ƙone ko wayar da ta saki suna iya kawo wasu daga cikin alamun nan. Shi ya sa gwaji ya zama dole, don Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Da farko a zare filogi daga soket, a rufe famfo, a dakata 'yan mintoci. Kashe makunni kaɗai bai isa ba, domin ruwa da lantarki ba sa ga maciji. Ɗalibi kuma kada ya yi wannan aiki sai tare da babba. Sa'an nan a kwance murfin da ke kusa da hita, a zare wayoyin ma'aunin, a duba ko akwai tsatsa, ko inda ɓera ya gwaguya.

Bayan haka a juya mitar lantarki zuwa om, a ɗora bakinta biyu kan ƙafafun ma'aunin. A wasu injuna za a ga kusan om 10,000 a digiri 25, a wasu ya fi haka ko ya gaza, saboda haka a duba littafin injin. Sa'an nan a tsoma kan ma'aunin cikin ruwan ɗumi. In lambar ta riƙa sauka a hankali, lafiyarsa lau. In ta tsaya cik, ko ta nuna sifiri, ko mita ta nuna hanya ta yanke, ya mutu. Ba a gyara shi, sai dai a sayo sabo mai lamba iri ɗaya.

In kuwa lafiyarsa ƙalau, a koma kan hita. Ga ɗan lissafi: a ninka bolt 230 da kansa, a raba da wat 2,000, za a sami kusan om 26. Hita mai wannan ƙarfi in ta nuna haka, ba ta ƙone ba, saura a bi wayoyi zuwa ƙwaƙwalwar injin. Nan kuma sai a kira gwani.

Iyayenmu, in mai gyara ya ce a sake ƙwaƙwalwa mai tsada, ku roƙe shi ya auna ma'aunin a gabanku tukuna. Mu kuma 'yan'uwana ɗalibai, mu lura cewa lissafin om da muke yi a allo yana iya tsare kuɗin gidanmu.