Mas'alar Mai Wasan Bidiyo Don Nishaɗi a Tsakanin Gwanaye

Tambayar da ke yawan zuwa daga ma'aikata da 'yan kasuwa, waɗanda ba su samun sukunin ɗaukar waya sai bayan sallar isha'i, ita ce: shin akwai sauran daɗi a wasannin da ake karawa da mutane ta intanet, irin su PUBG Mobile da Call of Duty da EA Sports FC, ga wanda bai nufi kome da su ba face hutun rai? Jawabina shi ne akwai, da sharaɗin mutum ya fahimci mizanin da ake auna shi da shi, ya kuma san ƙofar da ta dace ya shiga.

Asalin mizanin nan daga shaɗaranji ne, wato darar Turawa, inda Arpad Elo, malamin kimiyya haifaffen Hangari mazaunin Amurka, ya tsara lissafin auna gwaninta, har ƙungiyar wasan ta duniya ta karɓe shi a 1970. Daga baya kamfanin Microsoft ya fito da nasa domin wasannin bidiyo, mai suna TrueSkill, a 2005. Ƙa'idar kuwa ita ce, idan ka yi ta cin nasara sai a ɗaga darajarka a haɗa ka da waɗanda suka fi ƙarfi, idan ka yi ta shan kashi a sassauta maka, ta yadda a ƙarshen al'amari cinka da faɗuwarka za su kusa yin kunnen doki. Nan ne illar take, domin mutum yana ƙaruwa da iyawa alhali ba ya ganin alamarta, kowane dare sai ya yi gumi kamar na jiya.

Duk da haka, ban yarda da masu cewa a soke mizanin ba, don kuwa kamfanin Activision ya bayyana a 2024 cewa ya jarraba sassauta shi a asirce cikin Call of Duty, sai aka ga mafi yawan 'yan wasa sun fi ficewa ana tsakiyar karawa, kuma dawowarsu ta ragu. Ashe abin da talakan wasa ke zargi shi ne garkuwarsa.

Akwai wasu illolin da ba na mizani ba: gwanayen da ke buɗe sabon asusu su ɓad da kama don su ci ƙananan, wanda zalunci ne ko da a wasa, da kuma jinkirin sadarwa, domin wanda ke Kano ko Maraɗi sau da yawa saƙonsa sai ya je na'urorin kamfani a wata ƙasa mai nisa ya dawo, kafin nan abokin karawarsa ya riga ya harba.

To, ya ɗan'uwa, shawara ta farko ka ƙaurace wa sashen neman daraja, irin gasar ƙarshen mako ta EA Sports FC, wadda aka gina ta domin masu sa'o'in da ba ka da su. Ka nemi sassan da aka sauƙaƙa, kamar wanda wasan Fortnite ya buɗe a 2022 inda aka cire gine-gine baki ɗaya. Ka haɗa tawaga da abokan da ka sani, waɗanda idan an ci ku dariya za a yi, ka kuma toshe muryar baƙi tun kafin ashar ta fara. Sayen ƙunshin 'yan wasa da ba ka san abin da ke ciki ba kuwa israfi ne, har ma ya yi kama da caca. Beljiyam ta hukunta irinsa a matsayin caca tun 2018. Idan aka ci ka sau biyu a jere kuma ka ji zuciya ta fara tafasa, ajiye wayar, domin karawa ta uku cikin fushi galibi ita ke cinye barcin da asuba ke bukata.